Kati Biyar, Inji Ɗaya

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da matakala. Ni lafiyata ƙalau, sai dai takunkumin fuska ya cinye mini karan hanci. Sau uku ina kiranki a waya kina ta "Wa ke magana? Wa?" har na haƙura na koma takarda. Direban motar da ke kawo mana tukwanen iska daga kamfanin da ke kusa da ku ya yarda zai riƙa kai miki, yana karɓo amsa.

Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa. Yaya Dogo yana asibitinmu. Abokan aikinsa na shagon walda ne suka kawo shi ranar Litinin, yana tari yana haki. Annobar nan ce da ta rufe hanyoyi. Yana gado na goma sha ɗaya, an sa masa iska, kuma bakinsa bai mutu ba, don da ya gan ni cikin rigar leda da tabarau cewa ya yi na yi kama da mai zuwa ɗiban zuma.

Gado arba'in da shida ne a ɗakinmu, amma injin numfashi huɗu ne kacal. Tukunyar iska tana taimakon wanda ke numfashi da kansa. Inji kuwa shi ke yi wa mutum numfashin idan huhu ya gaji. Yaya bai kai ga buƙatarsa ba, Allah ya sa kar ya kai.

Goggo, da ma ki ga likitar da ke riƙe da mu. Ba-Wasa muke kiranta, a bayan idonta. 'Yar siririya ce, gashi duk furfura, ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma in ta shigo har tsintsiya sai ta nutsu. Ita ta kafa mana doka. Duk ranar da inji ya samu, ana rubuta wa kowane mai buƙata kati: shekarunsa, awon iskar jininsa, da sauran cututtukan da yake fama da su. Sai a naɗe saman katin inda suna yake, a danne da maƙali. Ƙarfe goma na safe mutum uku su zauna, ita da Babbar Nas da Mai Magani, su duba wanda in an ba shi zai fi yiwuwa ya tashi, in an hana shi ba zai kai ba. Sai sun gama zaɓa ake buɗe suna. Makon jiya wani mai manyan motoci ya rasa, mai gyaran takalmi ya samu. Ni aka ba aikin rubuta katunan da naɗe su, don Babbar Nas tana son rubutuna, rubutun da kika koya mini da rula a hannu.

Abu ɗaya ke sa Ba-Wasa murmushi. Kullum da azahar mijinta yakan zo bakin igiyar da aka gitta a ƙofa, ya ajiye mata shayi cikin wani koren flas da aka ɗaure murfinsa da roba, ya ja baya ya ɗaga mata hannu. Daga taga muke hango shi, ban ma san fuskarsa ba. Kwana biyun nan dai bai zo ba, ƙila sojojin hanya sun hana shi.

Ki yi mana addu'a.
'Yarki, Ƙarama

*

Ƙarama,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na shanya ta a rana yini guda kafin in taɓa, kamar yadda maƙwabciyata ta ce a yi, kuma da na san abin da ke ciki da ban jira ko minti ɗaya ba. Gwiwa na nan. Ba ita ce damuwata ba.

Na karanta labarin likitarku, Allah ya yi mata albarka. Amma ni layi ɗaya na gani a duk takardar: ke ce ke naɗe katunan. Alhamdu lillahi! Ashe Allah ya riga ya ajiye mana mutum a wurin. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin gaya.

Ki saurare ni da kyau. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, na san takardar da aka rufe wa suna fiye da likitarku. Mu ma haka muke yi wa takardun jarrabawa. Kuma na san yadda 'ya'yan malamai suke yi, su lanƙwasa kusurwar takarda ta ƙasa, kaɗan, kamar hannu ne ya goge ta. In ranar ta zo, Allah ya kiyaye, ki lanƙwasa kusurwar katin yayanki. Ki raɗa wa Babbar Nas, tunda kin ce tana sonki. Ba ƙarya za ki rubuta ba, ba lamba za ki canza ba. Kusurwa ce kawai.

Na san za ki ce ni ce nake zane yara a kan wannan. Ni ce. Amma wancan maki ne, wannan rai ne. Dogo shi kaɗai ya rage mini. Matarsa na da ciki wata bakwai, ga yara biyu. Ban taɓa yi miki gori ba, kuma yau ma ba gori nake yi ba, amma kina da wata takwas aka kawo mini ke cikin zanin mahaifiyarki, ranar da aka binne ta. Dogo ne ya goya ki har ƙafarki ta yi ƙwari. Shi ya sayar da kekensa ranar da za ki tafi makarantar nas. Naka naka ne, Ƙarama. Waɗancan da ke sauran gadajen suna da nasu, su ma su nemi nasu.

Kar ki rubuto mini wa'azi. Ki rubuto ki ce kin ji.

Ki ce wa Dogo in ya kuskura ya riga ni tafiya ban yafe ba.
Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa. Direba yana jira, injin motarsa a kunne, ba zan yi tsawo ba.

Jikin Yaya ya rikice tun jiya. Yau da safe inji ɗaya ya samu, kati biyar na rubuta, nasa na ciki. Ƙarfe goma saura kwata yanzu.

Na yi abin da kika ce. Na raɗa wa Babbar Nas, ta kalle ni ta ce, "Ban ji ba." Ban san me take nufi ba. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar yau ba.

Ƙarama

*

Ƙarama,

Kwana goma sha ɗaya! Kwana goma sha ɗaya ba takarda, ba saƙo. Kullum ina bakin titi da kujerata tun hantsi, duk motar da ta wuce sai na miƙe. Jiya na ga motar tukwanen, na tare ta da sandata, sai na ga wani direba ne daban. Ya ce wancan yana kwance, shi kuma ba a ba shi komai ba. Na roƙe shi ya kawo miki wannan, ya neme ki ko a ina kike.

Na karanta 'yar takardarki har ta fara yagewa a naɗi. "Ban ji ba." Na gane. Ta ƙi. Sun hana shi, kuma kin rasa bakin da za ki gaya mini. Maƙwabciyata ta kira wayarki sau ba adadi, a kashe. Matar Dogo ta daina tambayata, kallona kawai take yi.

In ya rasu ki faɗa mini. Na binne miji, na binne 'ya'ya biyu, ba yau na fara ba. Shirun nan ne ba zan iya ba. Kuma ki gaya wa likitar nan taku mai maƙali cewa akwai wata tsohuwa da ba za ta taɓa yafe mata ba. Wane irin mutum ne zai rufe sunan ɗan Adam, ya mai da shi lamba, sannan ya zauna a kujera yana zaɓe kamar mai tsintar tsakuwa? Wadda ba ta da kowa a kan gado ita ce ke iya kafa irin wannan doka. Da nata ne a kwance, da mun ga inda maƙalin zai shiga.

Ban iya cin abinci ba. Ki amsa mini, don girman Allah.
Goggonki

*

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Yaya Dogo yana da rai. Na sa shi a layin farko don kar ki nema. Shekaranjiya aka cire masa inji, yana numfashi da kansa, muryarsa ta dushe amma ya nemi ruwa, ya kuma tambayi matarsa. Ki gaya mata yanzu, takardar za ta jira ki.

Kin dawo? To ki yafe mini shirun. Washegarin ranar nan zazzaɓi ya kama ni, aka killace ni a ɗakin ma'aikata, wayata na cikin loka. Na rubuta miki tun a can, direban da zan ba ya kwanta. Yanzu na warware.

Ga abin da ya faru, kuma ina roƙonki ki karanta har ƙarshe kafin ki sake cewa komai a kan Ba-Wasa.

Ƙarfe goma na shiga da kati biyar na ajiye a tebur, na koma jikin bango inda nake tsayawa. Ta jera su. Idonta ya sauka a kan kusurwar nan. Goggo, kaɗan na lanƙwasa, wallahi ko ke sai kin sa tabarau. Ta daɗe tana kallonta. Ba ta ɗago ta dube ni ba. Sai ta ɗauki kati na biyu ta lanƙwasa kusurwarsa. Ta ɗauki na uku ta lanƙwasa. Haka har biyar, a nutse, kamar mai naɗe kayan wanki. Ta haɗa su ta cakuɗa, ta sake jerawa, ta ce, "Bismillah, mu fara." Na so ƙasa ta tsage in shige.

Suka cire uku. Biyu za su iya jira, ɗaya kuma ko an ba shi inji ba zai tashi ba, sai dai a sauƙaƙa masa. Saura biyu. Ɗaya na Yaya ne, ni na san lambobinsa. Ɗayan na wani dattijo ne mai shekara sittin da uku da aka kwantar a can ƙarshen ɗaki, yana da ciwon suga da ƙarfe a ƙugun hagu. Ba-Wasa ta ɗauki wannan katin tana karantawa. Na ga babban yatsanta ya tsaya a kan layi ɗaya, bai motsa ba. Sai ta ajiye ta ce, "A cikin biyun nan akwai wanda na sani. Ba zan sa baki ba. Ku biyu ku yanke, ku bi doka." Ta fita ta ja ƙofa.

Ni duk zatona da ni take, wato ta gane na Yaya, tana nuna mini yadda ake yi. Ta gilashin ƙofa ina hango ta a baranda, ta juya baya, ta riƙe ƙarfen taga da hannu biyu.

Babbar Nas da Mai Magani sun fi minti ashirin. Tazarar ba ta da yawa, amma akwai ta: ƙodar dattijon ta fara gazawa, ta Yaya lafiya lau. Suka zaɓa, suka kira ta. Ta tambaya, "Wanne?" Suka nuna. Ta cire maƙalin da farcenta, ta karanta sunan Yaya da ƙarfi, ta ce, "Gado na goma sha ɗaya. Ku kawo safar hannu." Ita da kanta ta zura masa bututun, don babu wanda ya kai ta iyawa. Ina riƙe da kansa, ina kallon hannunta. Ko ɗis bai yi rawa ba.

Bayan nan na kwashi sauran katunan in mayar wa kowa a gadonsa. Na isa gado na arba'in, wurin dattijon. Yana kwance yana haki, ya yi mini murmushi ta cikin abin iska. A kan lokarsa na ga koren flas, murfinsa ɗaure da roba.

Goggo, ashe mijin Ba-Wasa ne. Na zauna a ƙasa, a nan cikin ɗakin, da rigar leda da komai.

Kwana shida yana kwance a ɗakinmu, ba wanda ya sani. Da sunansa aka kwantar da shi, kuma mu ba mu san sunan mijinta ba. Ita ta roƙe shi kar ya faɗa, shi kuma ya yarda. Ƙarfen nan na ƙugunsa ta gani a kati, ita ta yi jinyarsa lokacin da aka sa masa. Da ta yi shiru ta nuna katinsa, su biyun za su bi ta, don kullum ita ce mai gani fiye da kowa, kuma har abada ba wanda zai sani. Babbar Nas da ta ji, ta same ta tana kuka, ta ce, "Haba Likita! Da kin faɗa, wallahi da shi zan ba." Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban faɗa ba."

An yi masa duk abin da za a iya yi ba tare da inji ba. Kullum da azahar ita ke cika flas ɗin, ta zo ta zauna kusa da shi minti goma, ta jiƙa masa leɓe da shayin, ta koma aiki. Wani inji ya samu ranar Alhamis da la'asar. Shi kuwa dattijon ya riga ya rasu tun da hantsin ranar. Ina killace aka gaya mini.

Jiya na koma aiki, na je ofishinta na tsaya. Na ce ni na lanƙwasa katin, a ba wani aikin. Ta ce, "Mai katin, me yake gare ki?" Na ce yayana ne. Ta ce, "Wa ya sa ki?" Na ce wadda ta raine ni. Sai ta ce, "Uwa ce, dole ta roƙa. Ke ce bai kamata ki karɓa ba. Sanin mai kati ba laifi ba ne, ni ma na sani. In kin sani, ki faɗa, ki fita." Ta turo mini maƙalin a kan tebur ta ce, "Ƙarfe goma saura kwata nake son su." Har na kai ƙofa ta ce, "Yaya numfashinsa yau?" Na ce da sauƙi. Ta ce, "Madalla. Ki kula mini da shi."

Ki kula mini da shi, Goggo. Haka ta ce.

Ban san me zan kira wannan ba. Na yi karatu a kan adalci, na ji wa'azi a kansa, amma ban taɓa zaton zan gan shi da ido ba, yana sanye da takalmin roba, yana wanke hannu a famfon da nake wankewa. Tsoronta nake ji yanzu fiye da da, kuma ba irin tsoron da ba ne.

Saƙonki na rashin yafiya ban isar ba. Yana nan a aljihuna, sai abin da kika ce.

'Yarki, Ƙarama

*

Ƙarama, 'yata,

Wa alaikumus salam. Wannan karon ban shanya takardar ba, a bakin titi na farke ta. Matar Dogo ta yi sujada a tsakar gida da cikinta da komai, sai da muka ɗaga ta. Yara suna ta tsalle ba su san dalili ba. Alhamdu lillahi. Ke ma Allah ya ƙara miki lafiya, da ban tambayi jikinki ba ko sau ɗaya a takarduna biyu. Na lura.

Sannan na zauna na karanta sauran. Sau ɗaya na karanta, ban iya maimaitawa ba.

Ki ƙona wancan saƙon. Ki ƙona shi yau, kar ya kwana a aljihunki. Ni da bakina na ce da nata ne a kwance da mun gani. To mun gani. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye gaban allo ina koya wa 'ya'yan mutane gaskiya, ranar da aka yi mini tawa jarrabawar sai na aika a lanƙwasa mini kusurwa. Kuma ba da hannuna ba, da hannun yarinyar da na raina. Na ɗora miki zanin mahaifiyarki a wuya don ki kasa cewa a'a. Wannan gori ne, ko da na ce ba shi ba ne. Ki yafe mini.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Duk kwanakin nan addu'a ɗaya nake yi: Allah ka ba ɗana, ko wa za a hana. Haka nake cewa, ko wa za a hana. Ban san "ko wa" yana da koren flas ba. Ban san yana tsayawa a bakin igiya ya ɗaga hannu ba. Tun jiya nake sa shi a addu'a, kuma ko sunansa ban sani ba. Kar ki gaya mini. Allah ya san shi, Allah ya jiƙansa.

In Dogo ya yi ƙarfi ki ba shi labarin duka, kar ki rage komai, har da nawa. Ya san da numfashin wa yake yawo.

Na rasa abin da zan aika wa wannan baiwar Allah. Godiya ta yi kaɗan, ta'aziyya daga bakina kuma ta yi nauyi, don ɗana ne a kan injin. Ga flas ɗina nan direba zai ba ki, wanda malamai suka ba ni ranar da na bar aiki. Ban taɓa zuba masa komai ba. Ba kore ba ne, kuma ba na so ya zama kore. Kullum da azahar ki cika shi da shayi mai zafi ki ajiye mata a tebur, ki fita. Kar ki fasa ko rana ɗaya, ko da ba ta sha ba.

In ta tambaya daga wa, ki ce mata an naɗe sunan.

Goggonki